Zullumin Tsaro da Bangaskiyar Kirista: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

Duk wanda ya yi wayo a Jos, Kaduna ko Zariya kafin 2010 ya san lokacin da ƙofar majami'a take a buɗe tun da sassafe, baƙo da ɗan gari kowa ya shiga ya zauna. Yau kafin mutum ya kai ga benci, sai ya ajiye mota can nesa, ya ratsa tsakanin gangunan da aka cika da siminti, 'yan Birged su bi jikinsa da na'urar gano ƙarfe, a wasu wuraren ma a ce mata su bar manyan jakunkuna a gida. Gidajenmu sun bi sahu. Katanga ta ƙara tsawo, an ɗora mata waya mai ƙaya, wanda ba shi da halin waya ya dasa fasassun kwalabe. Da dare kuma saƙonnin WhatsApp ba sa barin ido ya runtsa: wannan ya ce an ga baƙin fuska a tasha, wancan ya ce kada kowa ya bi hanya kaza gobe.

Babu mai hankalin da zai ce duk wannan banza ne. Amma akwai tambaya mai nauyi da ta zama dole Kirista ya yi wa kansa: yaushe ne kiyaye rai yake tashi daga hikima ya zama ubangida, har ya riƙa ba mu umarnin da ya saɓa wa na Almasihu?

Tsoron nan yana da tushe

Ba haka kawai muka wayi gari muna lalube juna a bakin ƙofa ba. Ranar Kirsimeti ta 2011 bam ya tashi a cocin Katolika ta St. Theresa da ke Madalla, kusa da Suleja, ya hallaka gomman masu sujada. A Fabrairun 2012 ɗan ƙunar baƙin wake ya kutsa da mota harabar hedkwatar ikkilisiyar COCIN a Jos, a Yunin shekarar kuma aka kai wa majami'u hari a Zariya da Kaduna. Maƙwabtanmu Musulmi ma ba su tsira ba, domin a Nuwamban 2014 fiye da mutum 100 suka mutu a harin Babban Masallacin Kano ranar Juma'a. Sai satar ɗalibai ta biyo: 'yan mata 276 a Chibok a Afrilun 2014, Dapchi a 2018, Ƙanƙara a 2020, da ɗalibai fiye da 120 na makarantar Bethel Baptist a jihar Kaduna a Yulin 2021. A Jamhuriyar Nijar, Kiristocin Damagaram da Yamai ba su manta da Janairun 2015 ba, lokacin da aka ƙona majami'u da dama cikin kwana biyu.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Uwar da ta sayar da gona ta biya kuɗin fansa ba ta bukatar wa'azi a kan ƙarancin bangaskiya, kuma duk faston da ya yi mata irin wannan wa'azin ya ƙara mata ciwo ne. Maganar da ke tafe ba zargi ba ce a kan waɗanda aka ji wa rauni. Magana ce a kan abin da tsoro ke yi wa al'umma idan ya daɗe a cikinta har ya hau kujerar mulki.

Ƙasashen da ke zaune lafiya ma suna fama da shi

Da zullumi yana bin yawan hatsari ne kawai, da Turai da Amurka sun fi kowa kwanciyar hankali. Ba haka abin yake ba. Tun 1986 masanin zamantakewa Bajamushe Ulrich Beck ya nuna cewa al'ummar zamani ta koma tsara rayuwarta bisa hasashen bala'in da ka iya aukuwa. A 2008 wata 'yar jarida a New York, Lenore Skenazy, ta bar ɗanta mai shekara 9 ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ya koma gida shi kaɗai. Yaron ya isa lafiya, amma aka yi mata ca a faɗin ƙasar kamar ta aikata babban laifi. Abin ya kai har jihar Utah ta yi doka a 2018 domin a bayyana cewa barin yaro ya tafi makaranta ko filin wasa shi kaɗai ba sakaci ba ne. A 2018 ɗin kuma marubuta Greg Lukianoff da Jonathan Haidt suka yi bayanin cewa yawan killace yara yana raunana su, suna girma ba su saba da faɗuwa da tashi ba.

Abin lura shi ne, mutanen da suka fi kowa asibiti da inshora da 'yan sanda ba su sami natsuwar da suke nema ba. Iko a kan rayuwa yana ƙaruwa, ƙishirwar ƙarin iko tana ƙaruwa tare da shi.

Tsoro ba ya iya lissafi

Bayan harin 11 ga Satumba 2001, Amurkawa da yawa suka ƙaurace wa jirgin sama suka koma tuƙa mota a doguwar tafiya. Masanin halayyar ɗan Adam Gerd Gigerenzer ya ƙiyasta cewa wannan ya jawo ƙarin mutuwar mutum kusan 1,500 a kan titi cikin shekara guda. Sun guje wa hatsarin da suka gani a talabijin, suka faɗa wanda ya fi shi kisa.

Mu ma mun ga irinsa. A Agustan 2014, da cutar Ebola ta shigo Legas, wani saƙo ya zagaya ƙasar nan cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Iyaye suka tashi 'ya'yansu da tsakar dare, aƙalla mutum biyu suka mutu, wasu aka kwantar a asibiti, alhali cutar ba ta ma kai garuruwansu ba. Ebola ta kashe mutum 8 a Nijeriya gaba ɗaya. Zazzaɓin cizon sauro kuwa, wanda sama da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya 'yan Nijeriya ne, yana ɗauke yara kullum ba tare da wani ya tura saƙon gaggawa ba. Akwai gidan da aka kashe dubban nairori a kan ƙofar ƙarfe, yara kuma suna kwana ba gidan sauro. Akwai mai tsoron 'yan bindiga da zai shiga motar da aka yi wa lodi fiye da kima, direba yana gudu kamar zai tashi sama, bai ce uffan ba. Tsoro yana bin abin da ya fi ƙara, yana barin abin da ya fi kisa.

Shin Littafi Mai Tsarki ya hana taka-tsantsan?

Bai hana ba. A Maimaitawar Shari'a sura 22 an umarci mai gina sabon gida ya kewaye rufinsa da ƙaramar katanga don kada wani ya faɗo ya mutu, alhakin jini ya hau kan gidan. Yusufu ya tara hatsi shekara 7 a Masar saboda yunwar da ke tafe. Yusufu mijin Maryamu ya ɗauki jariri Yesu ya gudu Masar da dare. Almajirai sun zura Bulus cikin kwando ta bayan garun Dimashƙu. Da Shaiɗan ya ce wa Yesu ya diro daga ƙololuwar Haikali tun da mala'iku za su tare shi, Yesu ya ƙi, ya ɗauki wannan a matsayin gwada Allah. Ganganci ba bangaskiya ba ne.

Wurin da na fi so a tsaya a kai shi ne labarin Ezra da Nehemiya. Dukansu bayin Allah ne, dukansu sun bi doguwar hanya mai 'yan fashi daga ƙasar bauta zuwa Urushalima a zamanin mulkin Farisa. Ezra, a sura 8 ta littafinsa, ya ji kunyar roƙon sarki sojojin rakiya, domin ya riga ya shaida wa sarki cewa Allah yana kiyaye masu nemansa. Sai ya kira azumi a bakin kogin Ahawa, suka kama hanya ɗauke da zinariya da azurfa ba soja ko ɗaya. Nehemiya kuwa ya tafi da shugabannin soja da mahayan dawakai da sarki ya ba shi, da ya fara ginin garu kuma ya yi addu'a ya sa masu tsaro dare da rana, ma'aikata suna aiki da makami a jiki. Nassi bai tsine wa ko ɗaya ba. Abin da ya haɗa su shi ne, da mai rakiya da marar rakiya, duk sun tafi. Babu wanda ya zauna a Farisa yana jiran ranar da hanya za ta zama ba hatsari.

Saboda haka gardamar da ake yi a wasu majalisun dattawan ikkilisiya, ko sa 'yan sanda a ƙofa rashin bangaskiya ne, ta kauce wa inda gizo ke saƙar. Tambayar ita ce ko matakin tsaron yana taimaka mana mu ci gaba da aikin da aka kira mu mu yi, ko kuwa ya maye gurbin aikin.

Ina matsalar take?

Tana wurin da tsaron raina ya zama abu mafi girma, wanda kome sai ya durƙusa masa. Kirista ya gaskata cewa rai kyauta ce mai daraja, amma bai gaskata cewa rai nasa ne ba, kuma bai gaskata cewa gobe tana hannunsa ba. Yakubu a wasiƙarsa ya tsawata wa 'yan kasuwar da ke tsara ribar shekara guda kamar su ke riƙe da numfashinsu. A jeji, waɗanda suka ɓoye manna don gobe sun wayi gari ta yi tsutsa. A misalin talanti, bawan da aka hukunta bai saci ko anini ba. Da bakinsa ya ce tsoro ya ji, shi ya sa ya binne abin da aka ba shi amana.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, wanda ba a cika yin wa'azi a kansa ba. Manyan kisan gilla na Littafi Mai Tsarki da sunan tsaro aka yi su. Fir'auna ya ji tsoron kada Ibraniyawa su yi yawa su haɗa kai da abokan gaba, sai ya sa a jefa jariransu maza a kogi. Hirudus ya ji tsoron gadon sarautarsa, sai 'ya'yan Baitalami suka biya. Majalisar da ta yanke shawarar kashe Yesu, a Yahaya sura 11, tsoron Romawa ta kawo hujja, Kayafa kuma ya ga gara mutum ɗaya ya mutu da a rasa al'umma duka. Giciye kansa matakin tsaron ƙasa ne a idon waɗanda suka shirya shi. Wannan ya isa ya sa Kirista ya yi hattara duk lokacin da aka ce masa sai an taka wani kafin shi ya zauna lafiya.

A ƙarshen Maris 2025, a Uromi ta jihar Edo, 'yan banga suka tsayar da wata babbar mota ɗauke da mafarauta 'yan Arewa da ke komawa Kano bikin Sallah. Aka ga bindigogin farauta, aka yi ihun masu garkuwa da mutane, taron jama'a ya kashe mutum 16. Garin ya sha fama da satar mutane, gaskiya ne. Amma waɗanda suka mutu ba a kai su gaban alƙali ba, ba a saurare su ba, kuma jininsu bai ƙara wa kowa tsaro ba. Zunubi ne, kuma Kirista ba shi da izinin sassauta wannan kalmar don waɗanda aka kashe ba 'yan addininsa ba ne.

Ba kullum ne abin yake zuwa da jini ba. Bayan rikicin Kaduna na Fabrairun 2000 da na 2002, gari ya rabu, galibin Kiristoci suka koma kudancin kogi, su Sabon Tasha da Television da Narayi, galibin Musulmi suka tattara a su Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Jos ta bi wannan hanya bayan rikicin 7 ga Satumba 2001. Kowane iyali da ya tashi yana da dalili mai ƙarfi, ba kuma zan ce wa mai 'ya'ya ya zauna inda aka ƙona gidansa ba. Amma a dubi sakamakon. Yau akwai samari da 'yan mata da suka haura shekara 20 ba su taɓa cin tuwon Sallah a gidan maƙwabci ba, takwarorinsu kuma ba su taɓa karɓar shinkafar Kirsimeti ba. Wanda ba ka sani ba, kowace jita-jita a kansa za ta shige ka. Rabuwar da aka yi don tsira ita ce ke renon rikicin gaba, kuma umarnin ƙaunar maƙwabci ya zama da wuyar cikawa tun da an kawar da maƙwabcin.

Gwamnati ma tana da nata. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita sayar da mai. An ce don a matse 'yan bindiga ne. Talakan ƙauye ne ya rasa inda zai sayar da akuyarsa, ya kuma rasa hanyar kiran agaji. Haka rufe makarantun kwana bayan kowace sata: ɗan mai hali ya koma makarantar kuɗi a birni, 'yar talaka ta zauna gida, wata ma aka yi mata aure. Duk matakin tsaro akwai mai biyan kuɗinsa, kuma sau da yawa ba ya cikin ɗakin da aka yanke shawarar.

Kasuwar kariya a cikin ikkilisiya

Kakanninmu da suka karɓi bishara sun ƙona layu da guraye. Abin baƙin ciki ne a ga jikokinsu suna layin sayen man shafewa, hankici, sitika da ruwan da aka ce wani bawan Allah ya yi wa addu'a, da alkawarin harsashi ba zai kama su ba, mota ba za ta kife ba, in dai sun shuka iri. Addu'ar neman kariya daidai ce, Zabura cike take da ita, Yakubu ma ya ce a shafa wa marar lafiya mai a yi masa addu'a. Amma addu'a roƙo ce ga Uba mai nufin kansa. Da zarar an sa mata farashi da tabbacin sakamako, ta zama dabarar juya Allah, watau wannan son iko ne ya sa rigar ibada. Ɓarnar tana fitowa ranar da masifa ta zo: gwauruwa ta koma gida da makoki biyu, na mijinta da na zargin cewa bangaskiyarta ce ta gaza.

Me aka yi mana alkawari?

Yesu bai ɓoye wa almajiransa cewa za su sha wahala a duniya ba. A Matiyu sura 6, inda ya hana damuwa ya nuna tsuntsaye da furannin jeji, bai ce gobe ba ta da wahala ba, ya ce wahalar kowace rana ta ishe ta. A sura 10 ya ce Uba yana sane da kowane ɗan tsuntsu da ya faɗi ƙasa, wato tsuntsun yana faɗuwa. Alkawarin shi ne ba za a yashe mu ba, kuma mutuwa ba ita ce magana ta ƙarshe ba, domin Almasihu ya tashi. Wanda ya gaskata wannan an rage wa mai yi masa barazana ƙarfi.

A Janairun 2020 Boko Haram ta kama Rabaran Lawan Andimi na ikkilisiyar EYN, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN na Michika a jihar Adamawa. A bidiyon da suka sa shi ya yi, ya roƙi a nemi sakinsa, domin yana son rai kamar kowa. Amma ya kuma faɗa cikin natsuwa cewa bai karaya ba, kome yana hannun Allah, ko zai sāke ganin iyalinsa ko ba zai gani ba. Suka kashe shi a watan. Wanda ya ce bangaskiyarsa ba ta yi aiki ba bai fahimci abin da bangaskiya take yi ba.

Waɗanda suka haɗa hattara da ƙauna

Wajen shekara ta 260, da annoba ta afka wa Iskandariya ta Masar, Bishop Dionisiyus ya ba da labarin yadda mutane ke jefar da 'yan'uwansu marasa lafiya a titi, Kiristoci kuma suna jinyarsu, da yawa suka kamu suka mutu. A 1527 annoba ta shiga Wittenberg a Jamus, aka kwashe jami'a zuwa Jena, Martin Luther ya ƙi tafiya, gidansa ya koma wurin jinya alhali matarsa tana da ciki. Duk da haka ya koyar da cewa a sha magani, a turara gida, a guji cuɗanyar da ba dole ba, ya kuma ce wanda ya ƙi magani da sunan dogara ga Allah yana gwada Allah ne. Iyakar da ya sa ita ce, idan maƙwabci yana bukatarka, ba ka da izinin gudu.

A nan gida, zazzaɓin Lassa ya samo sunansa daga garin Lassa na jihar Borno, inda wata nas ta mishan, Laura Wine, ta kamu a 1969. Dakta Jeanette Troup ta asibitin mishan na Jos ta san irin kisan da cutar ke yi, ta ci gaba da kula da majinyata da binciken gawa don a gane ta, ta yanke a yatsa, ta rasu a 1970. A 2014 Dakta Stella Ameyo Adadevoh ta hana Patrick Sawyer, mai ɗauke da cutar Ebola, fita daga asibiti a Legas duk da matsin da aka yi mata. Ta killace mutum ɗaya don ta kāre miliyoyi, kuma ita ce ta biya da ranta. Wannan shi ne ikon da ƙauna ke amfani da shi, mai riƙe da shi ne yake ɗaukar hatsarin.

Ranar 23 ga Yunin 2018, a Nghar Yelwa ta ƙaramar hukumar Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutum 262, galibinsu Kiristoci, a masallaci da gidansa, ya fita ya tari maharan ya ƙi miƙa su. Da Yesu ya ba da misalin hanyar Yariko, firist da Balawe ne suka ratse, wanda ya tsaya kuwa Basamariye ne, mutumin wata al'umma da masu sauraro ke ƙyama. Ya dace kowace ikkilisiya ta tambayi kanta ko ƙofarta za ta buɗe haka idan masu gudun Musulmi ne.

Me ikkilisiya za ta iya yi?

A bar masu tsaro a ƙofa inda ake bukatarsu, amma a koya musu cewa baƙon da suke lalubewa mai yiwuwa ne yau ce ranarsa ta farko a majami'a, fuskar da za su nuna masa ita ce wa'azin farko da zai ji. Majalisar dattawa ta riƙa duba matakan da aka ɗauka lokacin tashin hankali, domin akwai sujadar yamma da ziyarar ƙauye da aka dakatar tun 2012 ba wanda ya sāke tada maganarsu. A ɗora kuɗin katanga da kyamara kusa da kuɗin gwauraye da 'yan gudun hijira a takarda ɗaya, a karanta wa jama'a. Tura jita-jitar da ba a tabbatar ba shaidar zur ce ko da an yi ta da niyyar gargaɗi, kuma ya kamata a faɗi haka daga bagade.

Waɗanda suka ga kisa da idonsu, masu firgita cikin barci, suna bukatar mai saurare da likita da Zumuntar Mata a kusa, wani lokaci na shekaru. Kuma kowane fasto a gari mai rabuwa ya kamata ya kasance da lambar limamin unguwar da ke tsallake, ya san gidansa tun ana zaman lafiya. Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannunsa a rikicin addini na 1992, da Imam Muhammad Ashafa, wanda ya rasa malaminsa da 'yan'uwa a wannan rikicin, sun fara irin wannan aiki a Kaduna tun 1995, kowannensu yana shan zargin cin amana daga mutanensa.